Wasiƙa zuwa ga ɗana: kaset da ajiyar aikinka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da abokan karatunka. Mu nan gida sai godiya. Mahaifiyarka ta ce ka gaya mata aikinka na kammala karatu ya kai babi na huɗu, kuma duk yana cikin laftof, sai wani kwafi a filash da ba ka sake buɗewa ba tun ranar da ka zuba shi. Shi ya sa na ɗauki biro. Ta doguwar hanya zan bi da kai, ka yi haƙuri da tsohonka.

Kaset ɗin nan da ka taso ka gani cike da kwali a shagona, na wa'azi da na waƙa, kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963 domin ɗaukar murya. Babu kwamfuta a ran waɗanda suka ƙera shi. To da kwamfutocin gida suka shigo kasuwar Amurka, musamman a 1977 da aka samu Apple II da Commodore PET da TRS-80, sai ga matsala: da zarar an kashe wuta, duk abin da mutum ya kwana yana bugawa ya tafi. Na'urar faifan ajiyar bayanai kuwa ba ta talaka ba ce, wadda Apple ya fitar a 1978 dala 495 aka sa mata. Rakoda kuma ga ta a kusan kowane gida. Sai aka ce a yi da abin da ke hannu.

Rakoda sauti kawai ta sani, kwamfuta kuma ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya. Dabarar ita ce a ba kowannensu muryarsa. A watan Nuwamba na 1975 mujallar Byte ta tara masu ƙera irin waɗannan na'urori a birnin Kansas, suka amince da ƙa'ida: sauti mai kaɗawa sau 1,200 a sakan shi ne sifiri, mai kaɗawa sau 2,400 shi ne ɗaya. Kwamfuta ta rera, rakoda ta naɗa a zaren maganaɗisu. In an tashi dawowa da shi, rakoda ta rera, kwamfuta ta saurara. Bit 300, wato sifiri ko ɗaya guda 300, ake turawa a sakan, harafi kusan 30 ke nan. Kai da ka iya lissafi, ka auna: hoto ɗaya na wayarka mai megabait 3 sai ya ci fiye da awa 24 yana shiga. Ƙa'idar ma ba ta haɗa kan kowa ba, manyan kamfanoni kowa ya bi tasa, kaset ɗin Commodore ba ya buɗewa a Apple.

A Ingila abin ya fi kafuwa. ZX Spectrum na kamfanin Sinclair, wanda ya fito a 1982, da talabijin ɗin gida ake haɗa shi, a jona masa rakoda da waya. Yaro ya buga LOAD, ya danna rakoda, ya zauna. Da farko a ji wata doguwar ƙara mai murya ɗaya, gefen allo yana zane ja da shuɗi-shuɗi. Wannan shimfiɗa ce, don kwamfuta ta gane saƙo na tafe. Sai ƙarar ta rikiɗe ta koma kamar kukan gyare da daddare, zanen ya koma rawaya da shuɗi, bayanai sun fara shiga ke nan. Wasan da ya cika ƙwaƙwalwar kilobait 48 yakan ɗauki wajen minti biyar. Kuma sau da yawa sai an kusa ƙarshe allo zai ce an samu kuskure. A mayar da kaset baya, a sake daga farko.

Nan ne sana'ata ta shigo, don na san abin da ke hana rakoda faɗin gaskiya. Kan da ke karanta zare yana yin datti, sai an goge shi da auduga da sifirit. Yana kuma karkacewa, akwai ɗan sukuru a gefensa da ake juyawa da siririyar sukudireba har sauti ya washe. Kaset da aka naɗa a wata rakoda yakan ƙi wata saboda wannan kawai. Batir ya yi sanyi, injin da ke juya zare ya rage gudu, murya ta ja. Zare ya sha rana ya saki, ko rakoda ta tauna shi a zaro a naɗe da biro. In waƙa ce, kunne yana yafe duk wannan, mutum ya ci gaba da gyaɗa kai. Kwamfuta ba ta yafiya. Ɗaya guda ya koma sifiri, manhaja gaba ɗaya ta lalace. Ko ƙarfin murya sai an daidaita, ya yi yawa ta ƙi, ya yi kaɗan ta ƙi.

Da yake sun san kayansu ba abin amincewa ba ne, sai suka yi masa tanadi, kuma wannan ne nake so ka riƙe. Commodore sau biyu yake naɗa kowace manhaja a jere, in kwafin farko ya samu tabo a gyara da na biyu. Shi ya sa ya yi suna wajen nawa, amma ni ban ga laifinsa ba. Kwamfutar BBC Micro ta kamfanin Acorn takan yanka bayanai gunduwa-gunduwa, bait 256 kowace, wato harafi 256, da lambarta da lissafin tantancewa, in ɗaya ta ƙi sai ka ɗan koma baya kaɗan, ba sai ka faro daga tushe ba. Spectrum da Commodore kuma suna da umarnin VERIFY: bayan ka adana, ka mayar da kaset baya, kwamfuta ta saurari abin da aka naɗa ta gwada shi da wanda ke cikinta. Mai hankali ba ya kashe wuta sai ta ce sun yi daidai.

Wani abin dariya, tun da bayanan sauti ne, har ta rediyo an aika su. Gidan rediyon NOS na ƙasar Holan ya taɓa yin shiri mai suna Hobbyscoop da yake watsa manhaja, masu sauraro su naɗa a gida. Ka ga ke nan har yanayin sararin sama yana da hannu a ko aikin zai buɗe.

Yau kana danna abu ɗaya ka ga an ce an adana, babu ƙara, babu jira, sai zuciya ta kwanta. Filash kuwa yana mutuwa ba sallama, laftof ana sacewa, wuta tana dawowa da ƙarfi ta ƙona abin da ta samu. Don haka ga abin da nake so ka yi a makon nan. Ka kai filash ɗin nan wata kwamfutar da ba taka ba, ka buɗe kowane babi ka gani da idonka. Ka tura wa kanka kwafi ta imel. Duk ranar da ka yi babban gyara, ka adana da sabon suna mai kwanan wata, kada ka danne na jiya, domin wani lokaci gyaran ne ɓarnar. Kuma kada filash da laftof su kwana a jaka ɗaya.

In ka gama, ka kira ni ka gaya mini babi nawa suka buɗe. Kuɗin buga aikin zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'a.

Mahaifinka.