Gyara kan kalmar "'yan sarauta"

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina da ƙorafi kan yadda ake kiran masu neman a dawo da sarki a Nepal da sunan "'yan sarauta". A bakin Bahaushe, ɗan sarauta shi ne wanda aka haifa a gidan sarauta, mai sarauta kuwa wanda aka naɗa wa rawani. Mutanen da suka cika titunan Kathmandu a 2025 suna ɗaga hoton tsohon Sarki Gyanendra, wanda aka sauke a 2008, jama'ar gari ne, ba su gaji komai a fada ba. Ra'ayi ne ya haɗa su. Don Allah a riƙa rubuta "magoya bayan mulkin sarauta", ko da ta fi tsawo.

Naka, mai karanta jaridarku kullum.