Takardar Koke kan Manyan Motocin da ke Gudun Tolget Suna Ratsa Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne, manoma da 'yan kasuwa da ƙananan direbobi mazauna bakin titin Keffi zuwa Akwanga, muka zo da kukanmu wurin uba.

Ranar Alhamis da ta wuce, wata babbar mota maƙare da doya ta kauce wa tolget, ta biyo ta tsakiyar unguwa daidai lokacin tashin 'yan makarantar allo. Ta rufta da kwalbatin da muka yi da kuɗin karo-karo, ta banke wata yarinya, ta karya mata ƙafa. Har yanzu tana kwance, uwarta na neman kuɗin magani gida-gida. Direban ya sulale. Daga masu karɓar kuɗin hanya kuwa ko sannu ba mu samu ba, alhali gudun shingensu ne ya turo mana motar.

Ranka ya daɗe, ba mu ƙi ci gaba ba. Mun san da bashi aka faɗaɗa wannan titi har Makurdi, dala miliyan 460 da ɗoriya daga bankin Exim na ƙasar Sin, kuma an ce kuɗin tolget ne zai biya shi, shi ya sa aka damƙa hanyar ga 'yan kasuwa na tsawon shekara 25. Tun da aka fara karɓa a Garaku cikin Fabrairun 2025 muke biya ba musu: ƙaramar mota naira 500, bas 1,000. Amma manyan motocin da aka yanka wa 1,600, wasunsu sun mai da lungunanmu hanyar tsira. Mu biya a shinge, mu kuma biya da kwatocinmu da gaɓoɓin 'ya'yanmu? In haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnati da kamfani, ina matsayin mutanen da titin ya raba garinsu biyu?

Mun kai kuka wurin masu unguwanni, mun je ƙaramar hukuma, mun rubuta, mun sake rubutawa. Kullum a ce ana dubawa. Yanzu tura ta kai bango, da ƙyar dattawa suka hana matasa tare hanya a daren da abin ya faru.

Muna roƙon Mai Girma ya kira wakilan kamfanin da jami'an kiyaye haɗura a zauna a gabanka. A kafa turakun ƙarfe a bakin lungunan da motocin ke shiga. A ɗauki nauyin jinyar yarinyar nan, a gyara kwalbatin kafin damina ta sauka. Direbobinmu da ke kai kaya kasuwannin ƙauye, suna wucewa safe da yamma, a tabbatar musu da ragin rabin kuɗi da aka yi wa motocin haya alkawari. A yi mana gadar masu tafiya da ƙafa kusa da kasuwa. Sannan, ranka ya daɗe, turakun nan dai, a fara da su, don ko jiya da dare motocin sun bi.

Muna kuma roƙon a isar da wannan takarda gaban Mai Martaba.

Allah ya taimake ka.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwannin bakin titi