Fim ɗin yaƙin Sifaniya: ina labarin 'yan Maroko?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na fina-finai inda kuka tattauna kan finafinan yaƙin basasar Sifaniya, na ji daɗin shirin wallahi, amma akwai maganar da baƙonku ya yi da ta tsaya min a rai, wai waɗannan finafinan sun nuna yaƙin kamar yadda ya faru. Gaskiya ban yarda ba. Na kalli da dama daga cikinsu kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi: wani saurayi Bature ya baro Ingila ko Amurka ya je taimakon gwamnatin jamhuriya, ya samu budurwa a fagen daga, a rera waƙa, a kashe abokinsa, shikenan an gama tarihi.

Ba wai ƙarya ba ne. Daga 1936 zuwa 1939 mutum wajen dubu 35 daga ƙasashe sama da 50 sun je sun yaƙi Janar Franco da 'yan fasist, kuma sun cancanci a tuna da su. To amma 'yan Maroko da Franco ya kwaso suka yi masa yaƙi fa? Masana tarihi na sa yawansu tsakanin dubu 60 zuwa dubu 80, wato kusan ninki biyu na waɗancan da ake ta yi wa fim. In ma an nuno su to daga nesa ne, da rawani da wuƙa suna ihu, ba suna ba uwa ba uba, dodanni kawai da za a tsorata mai kallo da su.

Alhali ba don su ba da juyin mulkin da su Franco suka yi yunƙurin yi wa gwamnatin jamhuriya ya sha ƙasa tun a watan Yulin 1936. Sojojin Franco na ƙwarai suna arewacin Maroko, akasarin jiragen ruwan yaƙi kuma suna hannun gwamnati, sai da Hitila da Mussolini suka aiko da jiragen sama aka yi ta jigilar su zuwa birnin Seville. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, waɗannan mutanen da yawansu 'yan yankin Rif ne na arewacin Maroko, inda Abdulkarim al-Khattabi ya yi wa sojan Sifaniya kaca-kaca a Annual a 1921, inda daga baya Sifaniya ta yi ta zuba wa ƙauyuka iska mai guba, shi Francon ma a can ya yi suna yana yaƙar su. Shekara goma kacal bayan ƙarewar yaƙin Rif ɗin sai ga 'ya'yansu da ƙannensu a layi suna karɓar bindigarsa. Me ya kai su? Talauci da fari da albashin da babu irinsa a ƙauye, ga farfagandar cewa za su yaƙi 'yan gurguzu waɗanda ba su yarda da Allah ba, har jirgin ruwan zuwa Hajji Franco ya shirya wa mutanen Maroko a 1937 don ya saye zukata. Yanzu don Allah wannan bai isa fim ba?

Kar wani ya ce ina wanke su, a'a, an yi kisan gilla a garin Badajoz a watan Agustan 1936 kuma da su a ciki, amma hafsoshin da suka ba da oda ai Turawan Sifaniya ne, kuma da gangan suke sa su gaba don a firgita gari. Ɗaya ɓangaren ma ba waliyyai ba ne, an kashe limaman coci da sistoci kusan dubu 7 a yankunan jamhuriya, sannan a watan Mayun 1937 su ya su suka buɗe wa juna wuta a Barcelona. Wannan ɗin kam wasu daraktoci sun taɓo shi, na ba su wannan, tunda rigimar Turawa ce tsakaninsu.

Ni abin ya fi min ciwo ne don mu ma haka aka yi mana. Mussolinin nan da ya taimaki Franco shi ya mamaye Habasha a 1935, kuma cikin waɗanda suka fatattaki sojansa a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu akwai birged ɗin Najeriya, su suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu suka nausa har Harar, a watan Mayu Haile Selassie ya koma Addis Ababa. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ma ake yi a bariki. Bayan nan aka kwashi wasu zuwa ƙasar Bama (Burma) da ke Asiya. Na tambayi ƙanena da ke jami'a ko ya san da wannan, ya ce shi dai a fim Amurkawa ya gani sun ci yaƙin, kuma ban ga laifinsa ba, abin da aka nuna masa kenan.

Na san mai fim ba malamin tarihi ba ne, ya haɗe mutum uku ya zama ɗaya ko ya ƙara soyayya duk ban damu ba. Roƙona dai in za ku sake irin wannan shirin ku zaunar da masanin tarihi kusa da mai sharhin fim ɗin, kuma ku ba mu lokacin kiran waya ya ɗan fi na ranar nan, na yi ta bugawa layi bai shiga ba.

Na gode.
Mai sauraronku daga Zariya