A kula da gidan Sarki na Fanisau

Ya Edita,

Rahotonku kan yadda UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a Disambar 2024 ya tuna mini da Fanisau, ribaɗi, wato sansanin tsaro, na Sarkin Kano Ibrahim Dabo, inda Clapperton, wani Bature matafiyi ɗan Birtaniya, ya je gaishe shi a 1824.

Ranar Hawan Fanisau garin kan cika maƙil, ƙura ta turnuƙe, algaita na tashi. Da na koma bayan Sallah kuwa, sai na tarar da wurin tsit, gonakin kewaye kuma ana ta yanka su fulotai, abin da ya sosa mini rai ƙwarai.

Ina roƙon masarauta da gwamnatin jiha su auna abin da ya rage na gandun Sarki, a yi masa takarda, sannan a horar da matasan garin su riƙa zagayawa da baƙi ko ba lokacin hawa ba.