Rahoton Shekara: Launi daga Furanni da Tantance Shafukan Intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga abin da kwamiti ya gudanar a bana cikin ayyukan da kuka ɗora mana.

Babban aikin shi ne haɗa launin zane daga furanni, ganin yadda fentin kanti ya yi tashin gwauron zabi. Da zoɓo muka fara. Muka tafasa shi, muka tace da farin ƙyalle, muka narka alif a ciki, sannan muka riƙa ɗiga ruwan kanwa. Kafin ka ce kwabo ya yi kumfa ya taso, ya malale a tabarmar mai masaukinmu, wadda har yau bashinta na wuyanmu. Da ya kwanta sai muka tsiyaye ruwan, muka shanya abin da ya rage a inuwa, muka niƙa, muka kwaɓa da ƙaro.

Ja muke jira, sai ga shuɗi mai toka-toka. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa, antosayanin, haka halinsa yake: lemun tsami ya ƙara masa ja, kanwa ta juya shi shuɗi, in ta yi yawa har ya koma kore. Mun shafa a takarda, muka rufe rabi, muka ajiye a taga. Cikin 'yan makonni gefen da rana ke duka ya koɗe, ruwan ɗorawar da muka samu daga furen marigol kuwa ya fi jurewa. Ra'ayin kwamiti shi ne zoɓo ya dace da koya wa yara da zanen cikin littafi, amma kada wani ya yi wa ɗalibi zayyanar allon sauka da shi, a rataye a bango, a ji kunya.

Mun kuma leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take. Baban da ake rini da shi a can ganye ne, ba fure ba, kuma da zarar ya sha iska a jikin zane ruwa ba ya narkar da shi.

Aiki na biyu wannan kumfar ce ta haife shi. Linkin da aka turo mana a WhatsApp cewa kawai ya yi a zuba kanwa, babu awo, babu sunan marubuci, sai talla ta cika shafin. Yanzu kafin a saka linki a zaurenmu, sakatare zai duba wa ya rubuta, yaushe, ko ya faɗi awo, ko ya nuna launin bayan ya sha rana. Adireshin da ya ƙare da .edu.ng (na makarantu) ko .gov.ng (na gwamnati) ya fi kwantar da hankali, ko da yake shi ma sai an karanta. Alamar kwaɗo a gefen adireshi tsaron hanya take nunawa, ba gaskiyar magana ba. Gajerun linki irin na bit.ly ba ma karɓa sai an nuna inda suka nufa.

Wani ya yi mana tayin sayar mana da linki don shafinmu ya hau sama a Google. Mun ƙi, domin ƙa'idar Google ta hana, kuma shafi na iya faɗuwa a kan haka.

Baɗi, in Allah ya kai mu, ɓawon albasa da lalle za mu gwada. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji. Daga ciki za a sayi tabarmar.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti.