Godiya ga masu gyaran amfilifaya na Sabon Gari

Assalamu alaikum Oga, kai da yaran shagonka.

Na zaɓi in gode maka a bainar jama'a ne don masu kaɗa jita a Kano su san inda ake aiki tsakani da Allah. Kiɗan metal da nake yi ba kowa ke sonsa ba, wasu ma cewa suke hayaniya ce zalla. Kai kuwa da na kawo amfilifayata, na'urar ƙara ƙarfin sautin jita, ina kukan sautin ya caɓe, ba ka yi min dariya ba, ba ka kuma tallata min sabuwa ba, alhali ga Peavey 6505 nan a ajiye, wadda duk mai wannan kiɗa yake kwaɗayinta. Cewa ka yi in zauna in kaɗa ka ji.

Maɓallin gen, mai sa sautin jita ya yi gurnani, ka fara taɓawa, ka sauko da shi wajen 5 ko 6. Ka ce idan gen ya yi yawa, bugun da ake yi da tafin hannu a danne kan tsirkiya sai ya narke, ba a bambance wannan bugu da wancan. Ka rage bes, wato sauti mai kauri, tunda wannan hurumin mai jitar bes ne. Mid kuwa, wato sautin tsaka-tsaki, wanda samari ke son kashewa gaba ɗaya, ka ɗaga shi, domin da zarar mai ganga ya shigo, jitar da ba ta da mid ɓacewa take yi kamar an zuba gishiri a ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar Tube Screamer, ɗan koren fedal ɗin nan na kamfanin Ibanez, akwatin sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa. Ka sa shi gaban amfilifaya, ka mayar da diraif, wato maɓallin gurnaninsa, sifili, ka ƙure ƙarfin fitarsa. Yana datse kaurin sauti tun kafin ya shiga, sai bugun ya fito a ɗaure, tsaf. Wallahi ban taɓa jin jitata ta yi magana haka ba. Ka kuma ce in riƙa amfani da fikof, wato abin da ke ɗauko sautin tsirkiya, na kusa da gada inda tsirkiyoyi ke kafe a jikin jita, in sa tsirkiya masu kauri, lamba 11 zuwa 54, tunda ina sassauta su don sautin ya yi ƙasa.

Shi kuma ƙugin da ya daɗe yana damuna, ashe wayar ƙasa ce, wato "earth", ta tsinke a soket. Ƙaramin yaronka ne ya gano, cikin ɗan lokaci ya haɗa ta, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Don Allah a gaishe min da shi musamman.

Kuɗin aiki ma sai da na roƙe ka kafin ka faɗa. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa. Mai jitar besɗinmu na nan tafe da tasa ranar Asabar.

Naka,
Wani makaɗin jita daga Fagge