A Daina Tsayawa a Kan Sarki Midas Kaɗai

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda marubutanmu ke ɗauko labarin Sarki Midas duk lokacin da suke son nuna illar haɗama. A ganina an ɗora wa Midas laifin da ya fi ƙarfinsa. Sarkin na Firijiya ya roƙi Diyonisas, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawan dā, cewa duk abin da ya taɓa ya zama zinariya, amma da abinci da ruwa suka gagare shi sai ya yi nadama, aka umarce shi da ya yi wanka a kogin Faktolas, ya kuwa warke. Wauta ce ya yi, kuma an yafe masa. Ko batun ’yarsa da ta koma zinariya ba ya cikin tsohuwar ruwayar. Wani marubucin Amurka ne ya yaɗa shi a ƙarni na 19.

Wanda ya cancanci a kafa misali da shi shi ne Erisikton na ƙasar Tesaliya. Ya shiga kurmin da aka keɓe wa Dimita, wadda Girkawa suka ɗauka a matsayin uwar hatsi, ya sa a sare wata ƙatuwar bishiya, alhali yana sane da haramcin yin hakan. A ruwayar mawaƙin Rum, Obid, jini ya kwararo daga jikin bishiyar, kuma da wani daga cikin mutanensa ya yi ƙoƙarin hana shi, sai ya juya gatarin ya fille masa kai. Hukuncinsa shi ne yunwar da ba ta ƙoshi. Yana ci yana neman ƙari, ko a barci mafarkin abinci yake yi, har dukiyar gidansa ta ƙare ƙarƙaf.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya yi wa ’yarsa Mestira. Ya sayar da ita baiwa, kuma da ya gane tana iya rikiɗa ta tsere ta dawo gida, maimakon ya ji kunya sai ya mayar da abin sana’a, yana sayar da ita yau, ta dawo, gobe ya sake kai ta wa wani. Da kuɗin ya kasa cika masa ciki, sai ya fara gatsar naman jikinsa yana ci har ya mutu.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum